Abin da Hoton Mashigi Bai Faɗa Ba

Zuwa ga ɗana Nura,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka, da fatan takardar nan za ta same ka cikin mota kana lafiya, ƙirjinka sakayau. Allah shi sauke ka lafiya, shi tsare gabanka da bayanka, shi haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba.

Na zaɓi in rubuta ne don na san halina, na kuma san naka. In na zaunar da kai, za ka yi ta cewa “to, Baba” idonka na kan waya, ni kuma raina ya ɓaci in ɗaga murya, a tashi ba a faɗi abin da anka zauna dominsa ba. Ka karanta a hankali. Daga Kebbe zuwa Taraba tafiya ce mai tsawo, ba abin da ke korar ka.

Magana ɗaya ce, ƙirjinka da tsaunukan da ka nufa. Bautar ƙasa ta kai ka Taraba, wannan ba kai ka zaɓa ba. Amma kai da bakinka ka nemi a tura ka can saman tsaunukan Mambila, inda Sanusi ɗan goggonka Saratu ta Sanyinna ke aiki, don ka shiga cikin samarin da suke hawan duwatsu suna kwana a daji. Na san abin da ya ja ka. Hotunansa ne. Na sha ganin ka a zaure kana jan su da yatsa: Sanusi tsaye bisa dutse cikin jar rigar sanyi, gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa, ciyawa kore shar har iyakar gani, ruwa na zubowa daga sama fari tas. Ni ma da ka nuna mini na ce tubarkalla, kuma ba ƙarya na yi ba.

Abin da Sanusi bai sani ba shi ne fukar da kowa ke zaton ka rabu da ita tun kana firamare ta dawo maka bara, ranar da ƙaiƙayin gero ya shige ka a wurin sussuka. Ni na goya ka a babur zuwa asibiti a Tambuwal, ina jin kukan numfashinka a bayan kunnena duk tsawon hanyar. Likita ya ce ka kiyayi sanyi, da danshi, da wahalar da ta fi ƙarfinka. Sai ka tashi ka zaɓi inda duk suke zaune gida ɗaya. Madalla da kai, Nura.

Ban hana ka ba, kuma ba zan hana ka ba. Namiji sai da tafiya. Sai dai zan ba ka labarin tafiyar da ni ma hoto ya ja ni, lokacin kana makarantar kwana. Ka ji gutsure-gutsurensa a gida, amma ba ka taɓa jin sa a jere ba.

Shekarar da na fara riƙe babbar waya ce. Wani a zauren waya na ’yan kasuwar hatsi ya sa hoton wani wuri a bakin gulbi, can wajen Fakku. Farin rairayi, ƙaton icce da inuwa, tabarma a shimfiɗe, gasasshen kifi a faranti, ruwa kwance a baya kamar an goge shi. Na nuna wa Sahabi, ɗan kawuna, taubashina, wanda ka san ba mu haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ya ce, “Kai da ba ka taɓa wuce kasuwar Tambuwal ba, mi ka sani ga shaƙatawa?” Na ce to mu tafi a gani. Ka ji duk shawarar da munka yi. Damina ba ta gama ɗaukewa ba, amma ban kira mai hoton na tambaye shi yaushe ya ɗauka ba, ko ta ina ya bi, ko yaya ruwan mashigi yake. Munka sa tsofaffin kaya, munka ƙunshe manyan rigunanmu na Salla a leda don hoto, munka hau babur.

A mashigin da ke kan gajeriyar hanya munka tarar da ruwa ya kawo har ƙugu. Mutanen wurin sunka ce mu bari su ɗauke babur ɗin a ka su hayar da shi. Sahabi ya dube ni ya yi dariya, ni kuwa na ce babur ɗina ba jariri ba ne da za a goya shi. Na tura shi cikin ruwa da kaina. Ban kai tsakiya ba laka ta riƙe mini ƙafa, ruwa ya kwashe babur ɗin ya kwantar da shi bisa gwiwata ta dama. Na sha ruwan gulbi har ya ishe ni. Mutanen da na raina su sunka ciro ni, sunka ciro babur, hulata kuwa har yau tana tafiya.

A wancan ƙetaren Sahabi ya tsaya yana riƙe ciki don dariya. Ya ce, “Yaya ƙafa, sarkin ruwa?” Na ce lafiya lau. Gwiwar nan kuwa kamar an zuba mata garwashi. Munka wanke laka, munka ciro manyan riguna daga leda munka sa, na ari hular wani daga cikin mutanen wurin. Na jingina da babur don kada in faɗi, na yi murmushi, anka ɗauke mu hoto da gulbin a bayanmu. Da munka hau tudu waya ta kama, na ce wa Sahabi ya sa hoton a zauren dangi, ya rubuta a ƙasa: “Mun haye lafiya.”

Sai wurin da munka je dominsa. Nura, wallahi iccen na nan, rairayin na nan, gulbin ma na nan. Mai hoton bai ƙirƙiri komai ba. Amma farin rairayin bai fi shimfiɗar tabarma ɗaya ba. Daga nan duk inda ka juya kashin shanu ne, don mashayar garke ce. Ledojin ruwa sun maƙale a sayun iccen, ƙarangiya ta kama mana riguna har gwiwa, ƙudan shanu na cizo ta cikin shadda, ga gidan rina a reshen da ke ba da inuwar. Kifi kuwa ko ƙayarsa ba mu gani ba, ashe daga kasuwa mutumin ya zo da nasa. Ka san abin da munka yi? Ba mu juya ba. Munka karyo reshe munka share wurin, munka ture ledoji gefe da ƙafa, Sahabi ya durƙusa ya karkata waya yadda kashin shanu ba zai fito ba, munka ɗauki hoto irin na mutumin sak. Har ya fi nasa kyau. Dattawa biyu da furfura, muna sharar mashayar shanu don mutanen da ke zaune gida su ce mun ji daɗi.

Kuskurena na farko ke nan, na taso a kan hoto ban tambayi kowa ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, hoto ba sai ya yi ƙarya yake ɓatar da mutum ba. Gefe ɗaya yake nunawa, gefen da mai waya ya zaɓa bayan ya zagaya wurin ya ƙi sauran. Ba ya nuna sanyi, ba ya nuna wari, ba ya nuna nisan da ke tsakaninka da asibiti. Duk inda Sanusi da abokansa sunka ce za a je, ka nemi wanda ya dawo daga can kwanan nan, ka tambaye shi yadda hawan yake, da inda ake kwana, da ruwan da ake sha, da yadda ake saukowa da wanda ya kasa. Ba ragwanci ba ne. Matambayi ba ya ɓata.

Kuskure na biyu ya fi wannan nauyi, don ba a kaina ya sauka ba. Baffanka Haruna ya ga hoton mashigi a zauren dangi. A lokacin matarsa Hadiza na da tsohon ciki, na fari, kuma ana shirin mai da ita gidan iyayenta a wancan ƙetaren don ta haihu a can kamar yadda anka saba. Ya yi niyyar bin doguwar hanya ta zagaye. Da ya gan mu tsaye a ƙetare cikin busassun riguna, babur na walƙiya, sai ya ce ai ruwa ya janye, don mi zai wahal da mace da zagaye? Washegari ya ɗauko ta a babur ya nufi mashigi.

Ruwan ya fi yadda munka bar shi. Komawa baya nisa, ga rana ta take, ga Hadiza ta gaji da zaman babur. Sai sunka yanke shawarar a riƙe ta a hayar da ita a ƙafa. Santsi ya kwashe ta a tsakiya. Allah ya sa akwai maza a gefenta, sunka tare ta, amma kafin a kai ta tudu naƙuda ta taso, lokaci bai yi ba. Matan wata ruga da ke kusa su sunka karɓi haihuwar. Allah ya raya uwa da ɗiya, ita ce Maryamar da kake saya wa alewa. Amma ka san yadda ta daɗe tana ƙanƙanuwa, ka kuma san Hadiza ta jima ba ta koma daidai ba.

Da Haruna ya dawo ya same ni a zaure, bai ɗaga murya ba, ka san shi. Ya gaishe ni, ya zauna, ya ce, “Yaya, da ka ce da ruwa, da ban taso da ita ba.”

Na ce, “Ai ban ce babu ruwa ba.”

Ya ce, “Kai ba ka ce ba. Rigarka ta ce.”

Na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, haka Allah ya rubuta. Gaskiya ne Allah ya rubuta, amma ni na san wanda ya sa rigar.

Na daɗe ina juya maganar nan, ga kuma inda na tsaya. Mu nan, in matafiyi ya sauka, ana ce masa “ya hanya?” ya ce “lafiya lau.” Ko ɓarayi sun tare shi, ko ya kwana da yunwa, lafiya lau zai ce, kuma ba wanda zai kira shi maƙaryaci, don gaisuwa ce, kowa ya san ba labari ba ne. Sai an kawo masa ruwa ya sha, ya miƙe ƙafa, mutane sun ragu, sannan mai gida ya matso ya ce, “To, ya hanya dai?” A nan ake jin gada ta karye, ko wuri kaza kada a bi, ko mashigi ya cika. Da wannan tambaya ta biyu kakanninmu sunka yi fatauci ba taswira ba waya. Abin nan da rediyo ke kira kafafen sada zumunta gaisuwar kaɗai ya ɗauko. Kowa na ta cewa lafiya lau da hoto, ba mai kawo ruwa, ba mai matsowa ya sake tambaya. Ni na aika gaisuwa, Haruna ya karɓe ta a matsayin labarin hanya, don daga yayansa ta fito.

Saboda haka, in ka hau dutsen ka ɗauki hotonka, ka sa, ban ce kada ka sa ba. Ni ma zan nuna wa mutane a kasuwa in yi ta cika baki. Amma ka tuna ƙannenka na kallo, samarin unguwa na kallo, kuma a cikinsu akwai wanda zai taso don ya gan ka kana murmushi. Ka rubuta a ƙasa cewa an sha wuya, ko ruwa ya doke ku, ko wurin ba ya hawuwa da damina. Ba zai rage wa dutsen tsawo ba.

Yanzu gwiwata. Kai kana ganin ina salla bisa kujera, ina jin ka ɗauka tsufa ne. Shekaruna ba su kai nan ba, yaro. Tun daga bakin gulbin nan har gida ni na tuƙa babur, don in na ba Sahabi zai ce na kasa. Da munka iso Innarka ta ga ina ɗingishi ta tambaya, na ce ƙaya ce. Mutane na ta tare ni a masallaci suna cewa sun ga hoto, lalle Malam an huta, ni kuma ina cewa ai sai kun je. Yaya mutumin da duk gari ya ga yana shaƙatawa zai kwanta ya ce a kai shi asibiti? Na ci gaba da zuwa gona, ina ɗaukar buhu a kasuwa, gwiwa na kumbura ina rufe ta da wando. Sai da ta ƙi lanƙwasuwa a sujada sannan na yarda anka kai ni Tambuwal. Likitan ya duba ya ce da na zo da wuri, ɗauri da hutu sun isa. Yanzu kuwa sai dai lallaɓawa.

Sahabi ya zo duba ni. Ina jiran ya fara tsiyarsa, sai na ga idonsa ya yi ja. Ya ce, “Kai wane irin mutum ne? Da ka gaya mini a bakin ruwa, da ni na goyo ka har gida. Wasa nika yi da kai, ba gaba ba.” Ka ji. Mutumin da na lalata ƙafata don kada ya yi mini dariya, shi ya riƙa kai mini hatsi kasuwa har na tashi. Girman kai rawanin tsiya, ni na naɗa nawa har da kunnuwa.

Na kawo maka wannan ne don Sanusi taubashinka ne, kamar yadda Sahabi yake gare ni, kuma na ga yadda kuke. Tun kuna ƙanana in ya ce maka rago sai ka hau abin da ya fi ƙarfinka. Na san dalilin da ya sa ka roƙi Innarka kada a gaya wa mutanen Sanyinna fukarka ta dawo. Kuma na san ranar da za ku kama hawa, ƙirji ya fara yi maka nauyi, Sanusi ya juyo ya ce “ya dai, ɗan Kebbe?” lafiya lau za ka ce. Jinina ne a jikinka, ba sai an gaya mini ba. To gwiwa tana jira a kai ta asibiti bayan an gama girman kai. Numfashi ba ya jira.

Shekaranjiya na kira Sanusi. Kada ka tashi hankalinka, ban faɗa masa komai game da kai ba. Na ce masa ya tsaunuka, ya ce, “Lafiya lau, Kawu, ai aljannar duniya ce.” Na bar shi ya gama, munka gaisa da kyau, na tambayi aiki, sannan na ce, “To, ɗan Saratu, ya hawan dai?” Sai ya fashe da dariya. Ya ce hoton nan da gajimare ke ƙarƙashin ƙafarsa, cikin ruwan sama sunka hau, bargunansu sunka jiƙe, haƙoransa na kaɗawa har ya ciji harshe. Ya ce hazo ya rufe ko’ina, sai da sunka gaji da jira sannan ya yaye na ɗan lokaci, kowa ya ruga layi a hau dutsen a ɗauka kafin ya dawo. Jar rigar sanyin da kake sha’awa ba tasa ba ce, guda ce a cikinsu, wanda za a ɗauka shi ke sawa ya cire ya miƙa wa na baya. Ruwan ƙoramar da ya fito fari a hoto shi ya ɓata musu ciki, har wani a cikinsu sai da anka riƙo shi a saukowa. Na ce akwai asibiti kusa? Ya ce, “Kawu, a can sama ko waya ba ta kamawa.”

Ya kuma ce, duk da haka, bai taɓa ganin wuri mai kyau irinsa ba, kuma zai sake hawa. Na yarda da shi. Ban gaya maka wannan don in ɓata maka wurin ba. So nake ka san abin da za ka hau, ka je masa da shiri.

Ga abin da nake nema gare ka. Ranar da ka sauka, kafin a fara zancen dutse, ka ja Sanusi gefe ka gaya masa da bakinka cewa fuka ta dawo. Ka nuna masa abin shaƙarka, da aljihun da kake sa shi, da yadda ake amfani da shi in kai ka kasa. Zai tsokane ka, wannan haƙƙinsa ne, ka bar shi ya yi. Bayan ya gama shi zai riƙa tafiya a bayanka yana sauraren numfashinka. Ka sayi rigar sanyi taka ta kanka, mai kauri, ko da mummuna ce. Kada ka kwana da jiƙaƙƙen kaya. Ka bari jikinka ya saba da sanyin garin kafin ka ce za ka hau ko’ina, kuma ka fara da ƙaramin tudu, ko da ba wanda zai so ganin hotonsa.

In na kira ka zan ce ya hanya, ka ce lafiya lau, wannan ladabi ne. Zan sake tambaya. A ta biyun ba na son ladabi.

Ka dai ga Innarka tana ta cusa maka yaji da dakuwa a jaka. Amma tun da anka sa ranar tafiyarka ba ta cin abincin kirki. Ni ma, tunda takarda ce ba ido da ido ba, bari in faɗa maka: tsoro nake ji, Nura. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar da na goya ka zuwa Tambuwal ba, kuma a can ba ni kusa.

Saboda haka in kana tsakiyar hawa ka ji ƙirji ya fara kamawa, ka tsaya. Ko saura taki kaɗan a kai sama, ko kowa ya wuce ka, ko an riga an ciro waya ana kiran ka, ka zauna ka shaƙi maganinka, ka ce a sauko da kai. Dutsen ba inda za shi. Ka dawo mana ba hoto ko ɗaya, za mu tarbe ka da murna, mu yanka maka kaza. Abin da ni da Innarka ba za mu iya ɗauka ba shi ne hoton ya iso gida kai ba ka iso ba.

Allah shi kai ka lafiya, shi buɗe maka ƙirji, shi ba ka abokan tafiya masu tsayawa in ka tsaya. Allah shi yi maka albarka, shi maido mana kai da ƙafafunka. Innarka na gaishe ka, baffanka Haruna da iyalinsa na gaishe ka. Ka gai da Sanusi.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.